Ajiye irin gida a Kumasi: tambayoyi da amsoshi kan rama, yakuwa, kuɓewa, ayoyo da sauransu

A Aboabo, Asawase da Sabon Zango da wuya ka shiga gida goma ba ka samu wanda ya dasa kuɓewa ko ayoyo a bayan ɗaki, ko cikin tsohon bokiti ba. Mafi yawan wannan iri daga arewa ya zo, a ƙulle cikin tsumma ko leda, daga Bawku, Tamale, Sakkwato ko Maraɗi. Kukan da muka fi ji ɗaya ne: an kawo iri mai kyau, an ci moriyarsa shekara guda, da aka dawo shuka sai ya ƙi tsirowa. Amsoshin nan na wanda yake son irin gidansu ya ɗore a wannan gari mai laima ne.

Mene ne irin gida, kuma me ya raba shi da wanda ake saya a shago?

Irin gida shi ne wanda manoman wani yanki suka daɗe suna zaɓa daga gonarsu suna mayarwa ƙasa, har ya saba da ruwan wurin, da ƙasarsa, da bakin mutanensa. Ba ya fitowa bai ɗaya: cikin kunya guda za ka ga dogo da gajere, mai saurin nuna da mai jinkiri. Wannan bambancin shi ne ƙarfinsa, domin shekarar da cuta ko fari ya kayar da wasu, wasu za su tsaya.

Na shago kashi biyu ne. Akwai wanda masu bincike suka gyara amma ana iya ajiye 'ya'yansa a sake shukawa, kamar masarar Obatanpa da cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua, nan kusa da Kumasi, ta fitar a 1992. Akwai kuma wanda za ka ga an rubuta F1 a jikin fakitinsa. Shi wannan an haɗa iyaye biyu ne aka samar da shi, yana ba da amfani sosai a shukar farko, amma 'ya'yansa suna watsewa, kowane tsiro da kamarsa. Kada ka ɓata kwalbarka wajen ajiye shi.

Kakarmu a arewa tana rataye zangarniya a ɗakin girki ta kai shekara biyu. Me ya sa nan ba ya yiwuwa?

Saboda iskar ba ɗaya ba ce. Ƙwayar iri tana da rai, tana numfashi, kuma tana shan danshi daga iskar da ke kewaye da ita. A Kano ko Bawku, daga kaka har bazara iska a bushe take, hunturu ya busar da zangarniya ƙayau, hayaƙin murhu ya kori ƙwari. Kumasi kuwa damina biyu gare ta, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwan shekara ya kai kimanin milimita 1,400, kuma da safiyar damina laimar iska tana haura kashi 80 cikin ɗari. Ƙwayar da aka bari a buɗe cikin irin wannan iska takan ɗauki ruwa har kashi 15 ko 16 na nauyinta. A wannan matakin numfashinta yana ƙaruwa, tana cinye abincin da ta tanada don tsiro, fumfuna kuma ta samu wurin zama.

Masana iri suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Tsakanin kashi 5 da kashi 14, duk kashi 1 na ruwan da ka rage a jikin ƙwaya yana ninka tsawon ranta. Haka kuma duk digiri 5 na zafi da ka rage yana sake ninka shi. Don haka irin da aka busar zuwa kashi 8 aka rufe ruf zai fi wanda yake kashi 14 daɗewa nesa ba kusa ba, ko da ɗaki ɗaya suka kwana. Rama, gyaɗa da albasa su ne suka fi saurin mutuwa a nan. Rama da gyaɗa suna da mai a ƙwayarsu, kuma zafi da danshi suna saurin lalata shi.

Wace damina ta fi dacewa da shukar iri?

Ƙarama. Abin da kake nema shi ne ƙwaya ta nuna lokacin da ruwa ya ɗauke. Idan ka shuka a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, kuɓewa, wake, rama da yakuwa za su bushe a kan kararsu a ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, daidai shigowar hunturu. Wanda ya shuka a Afrilu don iri, kwasfarsa za ta nuna cikin ruwan Yuni da Yuli, ta yi baƙi, wata ƙwayar ma ta tsiro tun tana jikin uwa. Babbar damina ta ganye ce da ɗanyen kaya.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Yakuwa, rama, dawa da yawancin waken gida suna duba tsawon yini kafin su yi fure, sai yini ya fara gajarta suke saki. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Kumasi ba ta kai 7 ba, don haka yinin Yuni a nan ya fi na can gajarta da kusan minti ashirin. Wannan ɗan bambancin ya isa ya sa irin arewa ya yi fure da wuri yana gajere. Ba lalacewa ya yi ba. Ka zaɓi waɗanda suka fi kyau a ƙasarka, bayan shuka uku ko huɗu za ka ga ya fara daidaita da wurin.

Mai son karan dafi na waakye, wato shinkafa da wake irin ta Ghana, ya lura: jan ganyen yana yi a Kumasi, amma zangarniyar ba ta son laima. Gara a nemi ɗan'uwa a Ejura ko Techiman ya riƙe irin, tunda can ya fi bushewa.

Daga tsiro nawa ya kamata in ɗebi iri?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga kuɓewa ɗaya mai kyau a ce ita ce iri. Idan ka yi haka shekara uku, ka zubar da yawancin abin da irin yake ɗauke da shi. Ga wake, gujiya, yakuwa, rama, kuɓewa, gauta da barkono, kada ka gaza tsiro 20, in fili ya ba ka dama ka kai 40 ko 50. Ka ɗebi daidai wa daida daga kowanne, kada mai yawan 'ya'ya ya cika kwalbar shi kaɗai.

Masara daban take. Ita ba ta son auren gida: idan tsiro kaɗan ne suka yi ta barbarar juna, goyo yana ƙanƙancewa shekara bayan shekara. Ana son gona mai tsiro 200, a zaɓi goyo 50 zuwa 100 daga tsakiyarta, a ɓare tsakiyar kowane goyo, a ba kaji na kai da na gindi. Wanda filinsa bai wuce bayan ɗaki ba ya haƙura da riƙe irin masara.

Zaɓin kuma a gona ake yinsa, tsiro yana tsaye. Ka ɗaura jan tsumma a jikin waɗanda ka zaɓa, ka gaya wa mutanen gida cewa mai tsumma ba na miya ba ne. Duk tsiron da ganyensa ya murɗe ko ya yi dabbare-dabbaren rawaya da kore, ka cire shi tun kafin fure, domin a wake wasu cututtukan suna bin ƙwaya zuwa shekara mai zuwa.

Kuɓewata doguwa ce mai yauƙi, bana ta fito gajera mai ƙaya. Me ya faru?

Ta haɗu da ta maƙwabci. Kuɓewa tana barbarar kanta, amma furenta babba ne a buɗe, zuma da sauran ƙwari suna shiga su fita ɗauke da garin wani furen. A gonar iri ana raba iri biyu da ratar mita 400 ko fiye, abin da babu mai samunsa a cikin Zango. Dabarar ita ce rufe fure.

Da yamma ka duba ƙullin furen da ya kumbura, wanda rawayarsa ta fara leƙowa a baki: gobe da safe zai buɗe. Ka sa masa ƙaramar jakar takarda ko ƙyallen gidan sauro, ka ɗaure a hankali a wuyansa. Kada ka yi amfani da leda, zufa za ta dafa shi. Furen kuɓewa na yini ɗaya ne, zai buɗe a cikin jakar ya barbari kansa ya yanƙwane. Bayan kwana biyu ka cire jakar, ka ɗaura zare a gindin ɗan da ya fito don ka gane shi. Fure biyu a kowane tsiro cikin tsiro 20 sun ba ka kwasfa 40, kowace kuma tana ɗauke da ƙwaya gommai. Ka bar su wajen kwana 40, sai sun yi ruwan ƙasa, sun fara tsagewa ta gefe, ka girgiza ka ji suna kacau-kacau.

Haka ake yi wa barkono da gauta, sai dai su ya fi sauƙi a lulluɓe reshe guda da gidan sauro kafin furensa ya buɗe. Masara iska ce ke kai mata gari, don haka ko dai rata ta mita 300 zuwa 400, ko ka riga maƙwabci shuka da mako uku zuwa huɗu. Wake da gujiya ba su cika haɗuwa ba, 'yan mitoci sun wadatar.

Yaya ake cire irin yakuwa da na rama?

Masu sobolo, wato zoɓon sha, suna tsinke zoɓorodo kimanin mako uku bayan fure, lokacin da yake da tsoka da ruwa. A wannan lokacin gurguzun da ke ciki fari ne mai taushi, ba zai tsiro ba. Don iri sai ka ware tsiro ka bar su har ƙwallon ciki ya bushe, ya yi ruwan ƙasa, bakinsa ya fara buɗewa. Ka yanka reshen da safe kafin rana ta yi zafi, ka shimfiɗa a kan tabarma, bayan kwana huɗu ko biyar ka zuba a buhu ka bubbuga, ka sheƙe. Ja da fara, mai ganye da mai zoɓorodo, kowace da kwalbarta.

Rama tana nuna daga ƙasa zuwa sama, don haka ba za ka jira duka su bushe ba, na ƙasa za su fashe su zube. Idan kwasfar rabin karan ta bushe, ka yanke, ka ɗaure dami, ka jingine a inuwa a kan leda ko tabarma. Kwasfar tana da ƙaiƙayi, sai a sa riga mai dogon hannu. Ramar igiya ana shuka ta a cunkushe don ta miƙe ba reshe, ta iri kuwa ana ba ta fili, kamar santimita 60 tsakanin layi da 30 tsakanin tsiro. Ita ce ta farko da ya kamata ta shiga kwalba, kuma kada ka bar ta ta haura shekara biyu ba ka sabunta ba.

Gauta, tumatir da barkono fa?

Gautan da ake ci fari ko kore bai nuna ba. Na iri sai ya yi ja ko ruwan lemo, ya yi laushi. Ka yanka, ka matse ƙwayar cikin kwano da ɗan ruwa, ka bar ta kwana ɗaya, ka wanke. Mai kyau tana nutsewa, wofi tana tasowa sama. Tumatir ana barinsa da ruwansa ya yi tsami don yauƙin da ya lulluɓe ƙwayar ya narke. A zafin Kumasi kwana biyu sun isa, in ya wuce uku sai ta fara tsiro a cikin kwanon. Barkono da attaruhu ba a jiƙa su, a kankare ƙwayar daga jajaye kawai a shanya. Duk wanda aka wanke a baza shi a kan faranti ko rariya, kada a tara shi tsibi.

Ta yaya zan san iri ya bushe sosai?

Da farko, wurin shanya. Kwanon rufi da siminti da tsakar rana suna haura digiri 50, iri kuwa ba ya son fiye da 35 zuwa 40. Ka shanya a kan tabarma ko tire, da rana ta safe ko a inuwa mai iska, ka shigar da shi ɗaki kafin magariba don raɓa, kwana bakwai zuwa goma.

Gwaji biyu ne. Ka ciji ƙwayar wake ko masara: in ta fashe ƙas, ta bushe, in haƙori ya shiga ya bar shaida, da saura. Na biyu, ka soya gishiri a busasshen kasko, ya huce, ka zuba cokali biyu ko uku a busasshiyar kwalba tare da ƙwaya cikin hannu ɗaya, ka rufe, ka girgiza minti biyu, ka ajiye kwatan awa. Idan gishirin ya manne a jikin gilashin, ruwan ƙwayar ya kai kashi 15 ko fiye.

Amma a nan iska kaɗai ba ta kai iri inda ake so, sai cikin hunturu. Don haka muke ƙarasa busarwar a cikin kwalba. Waɗannan ƙananan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi da na magani su ne mafi kyau: nauyin silika daidai da nauyin iri, a rufe mako ɗaya. In babu, ka gasa ɗanyar shinkafa a kasko da wuta kaɗan har ta bushe ƙarau ba tare da ta ƙone ba, ka juye ta da ɗuminta a kwalba ka rufe ta huce. Sai ka ƙulle irin a siririn ƙyalle, ka tura cikin shinkafar, kashi ɗaya na iri kashi uku na shinkafa, mako biyu.

A cikin me zan ajiye? Firij yana da amfani duk da dumso, wato yawan ɗauke wuta?

Kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe da roba a ciki ta fi komai. Gorar ruwa ta roba mai kauri tana yi idan ta cika har wuya aka ɗaure murfin da kyau. Ambulan, ƙwarya, tsumma da baƙar leda duk suna shan iska. Ka raba iri kwalba biyu, ta shuka da ta ajiya, domin duk buɗewa sabon danshi ne. A rubuta suna, garin da ya fito, da watan girbi da shekara, takarda ɗaya a ciki ɗaya a waje, da fensir, domin tawadar biro tana gogewa.

Firij yana taimakawa matuƙa, da sharaɗin irin ya bushe kuma kwalbar ba ta shan iska. Ɗaukewar wuta ba ta yi wa busasshen iri a rufaffiyar kwalba komai. Abin da ke kashe shi shi ne a fito da kwalba mai sanyi a buɗe nan take: raɓa ta sauka a kan ƙwayar. Ka bar ta a rufe ta kwana a ɗaki tukuna. Ɗanyen iri kuma kada ya shiga firiza, ruwan cikinsa zai daskare ya fasa shi. Wanda ba shi da firij ya nemi lungun da ya fi sanyi da duhu, nesa da murhu da bangon da rana ke duka. Gyaɗa da gujiya a bar su cikin ɓawonsu sai ranar shuka.

Na rufe wake da kyau, na buɗe na tarar duk huji.

Ƙwaron ya shigo tun daga gona. Yana saka ƙwai a jikin kwasfa, tsutsar ta huda ta shige ƙwaya, cikin wata guda ta fito babba ta sake sakawa. In kwalba ba ta cika ba, iskar da ke sama ta ishe su rayuwa. Mafita uku. Busasshen wake a rufaffiyar kwalba ya yi kwana biyar zuwa bakwai a firiza. Ko a cika mazubi har baki yadda iskar za ta ƙare musu, wanda shi ne sirrin buhun PICS mai leda biyu a ciki ga mai wake mudu da yawa. Ko a tankaɗe tokar itace mai sanyi a cakuɗa mudu da mudu, a rufe saman da toka kaurin yatsa biyu.

Ƙwayar gas da ake jefawa a buhun hatsi kuwa kada ta shiga ɗakin da mutane ke kwana. Iskar da take fitarwa tana kisa, kuma irin gida kwalba biyu bai kai a ɗauko ta ba.

Na shuka ayoyo sabon iri, bai fito ba.

Ba mutuwa ya yi ba, ɓawonsa ne mai tauri ruwa ba ya ratsa shi. Ka ƙulle ƙwayar a ƙyalle, ka tsoma a ruwan da ya tafasa aka sauke daƙiƙa biyar zuwa goma, ka fitar ka tsoma a ruwan sanyi, ka baza ta sha iska, ka shuka ranar ko washegari. Wanda za ka shuka kaɗai za ka yi wa haka. Kuɓewa kuma jiƙon dare ɗaya a ruwan sanyi ya ishe ta.

Yaushe zan san lokacin sabunta iri ya yi?

Wata guda kafin shuka ka ƙirga ƙwaya 50, ka jera a jiƙaƙƙen ƙyalle, ka naɗe, ka sa a leda baki a buɗe, a inuwa. Ka duba ranar bakwai, barkono da gauta ka ba su kwana 14. In 43 ko fiye suka tsiro, irin lafiya lau. In sun sauko wajen 35, ka shuka shi bana ka ɗebi sabo. Ƙasa da 25 ya zama gaggawa, ka shuka duk abin da za ka iya amma ka rage kaɗan a kwalba ko da damina za ta ci amana. Dalilin gaggawar shi ne waɗanda suka riga mutuwa sun tafi da halayensu.

Goro ma ana busar da shi haka?

A'a. Goro, koko, mangwaro da piya ƙwayarsu tana mutuwa in ta bushe, firij ma yana lalata ta. Shi ya sa fatake suke naɗe goro da ɗanyen ganye suna yayyafa ruwa suna tsince mai tsutsa. Irin waɗannan a bishiya ake ajiye shi.

Maƙwabta sun ce ramata wiwi ce. Yaya zan nuna musu bambanci, kuma me doka ta ce?

Kamar a ganye take kawai, har sunan rama na kimiyya, Hibiscus cannabinus, daga wannan kamar ya samo asali. Ganyen rama guda ɗaya ne da ya rabu yatsu-yatsu amma a haɗe suke a gindi, na ƙasan karan ma sau da yawa ba ya rabuwa. Kararta tana da 'yan ƙayoyi, ganyen yana da tsami a baki, furenta babba ne kamar na kuɓewa, fari-rawaya mai jan ciki. Wiwi kowane yatsa a ware yake har gindi, yana da wari mai ƙarfi, furensa ƙanana ne kore. Wanda ya ga rama ta yi fure ba zai sake tambaya ba.

Game da doka, noman wiwi ba lasisi laifi ne a Ghana ƙarƙashin dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 2020, mai lamba 1019. Sashe na 43 ya buɗe ƙofar lasisi ga nau'in da sinadarinsa mai sa maye, THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don masana'antu da magani. Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022 saboda yadda aka shigar da shi, majalisa ta mayar da shi a 2023, kuma ministan harkokin cikin gida ne ke ba da lasisin. Wiwin da aka sani a gari bai shiga wannan rukuni ba. Mai neman zaren igiya ko buhu, rama da lalo sun ishe shi.

Zan iya shigo da iri daga Najeriya ko Nijar? Ina kuma zan kai wanda nake tsoron ya ɓace?

Dokar tsirrai da taki ta 2010, mai lamba 803, ta ce shigo da iri daga wata ƙasa yana buƙatar izinin sashen kare tsirrai na ma'aikatar noma. Hikimar a fili take: ƙwari da cuta a jikin ƙwaya suke tafiya. Kowane baƙon iri, ko daga Bolga ya zo, ka busar da shi, ka ba shi kwanakinsa a firiza, ka fara shuka shi a gefe guda kana lura.

Rumbun irin ƙasa yana Bunso, a Jihar Gabas, kan hanyar Kumasi zuwa Akra, ƙarƙashin CSIR, hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta Ghana. A irin waɗannan rumbuna ana busar da ƙwaya zuwa kashi 3 zuwa 7, a ajiye a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Idan kana riƙe da wani tsohon iri da ba ka ƙara ganinsa a kasuwar Kejetia ko a hannun kowa, ka tuntuɓe su ko jami'in gona na yankinka, ka tafi da sunansa na gida, da garin da ya fito, da abin da ake dafawa da shi. Kafin nan ka raba shi gida uku: kwalba a wurinka, kwalba a wurin wani a wata unguwa, ta uku kuma a aika arewa wurin wanda zai shuka shi bana.